Yatsun Lalube

"Kai, ba ka jin wani ƙauri?"

"Tun da muka tashi nake ji. Na ɗauka takalminka ne ya sha rana."

"Takalmina na fata ne. Wannan ƙaurin roba ne, kamar an manta bokiti a bakin murhu."

"To ka gaya wa Kyaftin mana."

"Na gaya masa. Ya ce jiya Lalube ya bi wayoyin tun daga kai har gindi, ya ce sanyi ƙalau."

"Lalube da kansa?"

"Da kansa."

"To hancinka ne ba lafiya. Matsa mini in miƙe ƙafa."

Mutumin da ake maganarsa yana zaune a bencin da ke bayansu, na ƙarshe, wanda ke jikin akwatin batir. Ba su gan shi ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, na hagu kuma yana riƙe da filaya a ƙarƙashin riga. Shi ma yana jin ƙaurin, hancinsa dai ba abin da ya same shi. A gefensa 'yarsa ce, Auta, ta rungume jakarta tana kallon ruwa. A wani kantin magani take aiki a ƙetare, kullum a wannan jirgi take zuwa, a cikinsa take dawowa. Ta ji duk abin da aka faɗa. Ta dubi aljihun ubanta, ba ta dubi fuskarsa ba.

Jirgin tsohon jirgin fasinja ne na katako, da rumfar kwano da jerin bencina da injin dizal a baya. Sunan da aka rubuta a jikinsa ya daɗe da gogewa. Kowa Goggo yake kiransa, har bakin mutane ya saba da cewa ta zo, ta tafi, don tana tari da safe, ba ta son a hanzarta ta, kuma ta girmi yawancin masu hawanta. Mai tuƙa ta shi ne Kyaftin, ƙanin matar Lalube, wanda ya gaje ta daga mahaifinsa.

Lalube ba mutumin ruwa ba ne tun asali. Wayarin gidaje ya koya, da shi ya tashi, yana hawa silin yana fasa bango. Wata rana yana saurayi aka kira shi bakin ruwa, wai fitilar gaban wani jirgi ta ƙi kamawa. Da ya ɗaga katakon bene, wato daɓen jirgin, ya leƙa, sai da ya zauna. Mai jirgin, wanda kowa ke kira Tsoho, ya taɓa sayen wani ƙaton naɗin jar waya, da ita ya ja komai: fitila ja, famfon kwashe ruwa ja, hon ja, mai kai wuta ja, mai dawowa ja. Kuma yana da doka, wayar da ta mutu ba a cire ta. A bar ta ta kwanta a inda take, a ja sabuwa a gefenta. Ya ce ita ma ta yi wa jirgin hidima. Shekara ta bi shekara, sai da damin wayoyin ya kai kaurin damtse, mai rai da matacciya duk sun rungume juna, duk launi ɗaya.

Saurayin ya fito da mitar gwajin wuta ya gwada. Mita ta gaya masa wuta tana ɓacewa a wani wuri tsakanin batir da fitila, wanda ko ba mita ya sani. Sai ya ce a kunna komai a bar shi. Ya durƙusa ya rufe ido, ya zura hannu cikin damin, yana bi a hankali da kan yatsu. Ya san abu guda: haɗin da ya saki, ko wanda laima ta ci, yakan yi ɗumi kafin ya yi zafi, yakan yi zafi kafin ya ƙone. Bai kai tsakiyar jirgin ba ya tsaya, ya ce nan ne. Aka ɓare salatif, ga tagulla ta yi kore tana marmashewa. Tsoho ya yi dariya ya ce wannan yaro ba gyara yake ba, lalube yake. Sunan ya bi shi ke nan. 'Yar Tsoho, wadda ta kawo wa ubanta abinci a ranar, ta tsaya a bakin gaɓa tana kallo har abincin ya huce. Ita ce ta zama mai ɗakinsa.

Daga nan ya bar silin ya dawo ruwa. Masu jirage suka san shi, amma Goggo ce gidansa. Ya sha cewa a sa mata fis na kirki, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Akan sa, ya ƙone a tsakiyar ruwa, Tsoho ya fusata ya cire ya naɗa tagulla mai kauri a gurbinsa. Lalube ya yi magana har ya gaji. Da jirgin ya dawo hannun Kyaftin, shi ma sawun ubansa ya bi, sai dai ya ƙara da barkwanci. Duk wanda ya tambaye shi ina fis ɗin Goggo, sai ya ce fis goma gare ta, duk suna hannun mijin yayarsa.

Haka kuma wata al'ada ta kafu ba tare da wani ya kafa ta ba. Duk aikin da aka yi wa jirgin, ko kwan fitila aka canza, sai a tayar da inji a kunna komai, Lalube ya bi wayoyin da hannu tun daga batir har hancin jirgi, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Sanyi ƙalau." In bai faɗa ba, Kyaftin ba ya ɗaukar ko da akuya. In ya faɗa, ko hayaƙi wani ya ce ya gani, sai a ce idonsa ne.

Mai ɗakinsa ta rasu bayan doguwar jinya. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, wai ko ɗigon hawaye ba a gani ba, wai wannan shi ne tawakkali. Shi dai ya san ba haƙuri ba ne. Ya zauna a tabarmar gaisuwa yana amsa addu'a yana jiran abin ya iso, bai iso ba. Ya koma aiki, yana jira. Yakan ci abinci don Auta ta ajiye a gabansa. Yakan kunna rediyo ya manta da ita tana ta surutu ita kaɗai. In aka yi abin dariya yakan ga inda dariyar take, sai ya buɗe baki daidai wurin.

Bayan wannan ne ƙafafunsa suka fara. Yana tafiya kamar a kan katifa, takalmi ya fita bai sani ba sai ya ga Auta ta biyo shi da shi. Sannan abin ya hau yatsun hannu, kamar an sa masa safa mai kauri an hana shi cirewa. Maɓallin riga ya zama aiki. Kofin shayi ya suɓuce sau ɗaya, sau biyu. Auta ta kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe yana cin jijiyoyi a ɓoye, magani zai tsayar da shi inda ya kai, amma abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Lalube ya yi godiya ya karɓi maganin. A hanya ya ce wa Auta kada ta gaya wa kawunta. Bai ce mata don me ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Aiki bai tsaya ba. Jiragen yanzu wayoyinsu launi-launi ne, ido da mita sun isa. Goggo kuwa ta ɗan yi masa kawaici, ta daɗe ba ta nemi komai ba.

Sai jiya Kyaftin ya aiko a kira shi. Ya ce da zarar famfo ya kama sai fitilu su yi ja kamar idon mai mura, batir yana kwana da caji ya tashi babu, ga wani ƙauri da ke zuwa yana tafiya. Lalube ya zo da jakarsa. Ya kwance kan batir ya goge farin garin da ya taru, ya bi da samfefa, ya ɗaure noti. Ya gwada da mita: a bakin batir wuta cike take, kafin ta kai famfo ta rame. Ya ce a kunna komai. Ya durƙusa ya zura hannu cikin damin kamar yadda ya saba, ya rufe ido. Kyaftin yana tsaye a kansa yana ba wasu matuƙa labarin yadda angon Yaya, wato Lalube, ke jin zazzaɓin waya tun kafin ita wayar ta san ba ta da lafiya.

Ya bi daga baya har gaba. Ko'ina iri ɗaya, kamar yana shafa bango ta cikin bargo. Da ya kai hancin jirgi ya miƙe ya kaɗe gwiwa, kalmomin suka fito da kansu kamar amsa sallama. Bai yi niyyar ƙarya ba. Yatsun ba su ce masa da zafi ba, shi ke nan.

Da yamma a gida, Auta tana zuba masa ruwa ya wanke hannu kafin cin abinci, sai ta tsayar da butar. Ta kama hannun ta juya shi wajen haske. A kan manuniya da ɗan tsakiya akwai bororo a jere, fari, da wani ɗan jan abu manne a fata. Ta sa farce ta ɓanɓare, narkakkiyar roba ce.

"Baba, ina ka samu wannan?"

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka miƙo masa ya duba.

"A cikin Goggo ne, ina jin."

"A wane wuri?"

Ya daɗe yana kallon bororon. Ya ce bai sani ba.

Ta wanke ta shafa magani ta naɗe da bandeji. Ya ci abincin da hannun hagu da cokali. Ya san abin da bororon ke nufi, ya san shi sarai kamar yadda mutum ya san ranar kasuwa: akwai wurin da ya yi zafin narka roba, ya riƙe shi, ya wuce, ya ce sanyi ƙalau. Ya jira tsoro ya zo. Abin da ya zo kawai shi ne tunanin cewa gobe sai ya tashi da wuri.

Ya tashi da wurin kuwa, da niyyar ya hana a yi lodi. Amma da suka iso bakin ruwa mutane sun riga sun cika bencina, Kyaftin ya ɗaga masa hannu daga wajen sitiyari yana cewa yau angon Yaya ne da kansa zai raka su. Bakin Lalube bai buɗu ba. Sai ya wuce bencin ƙarshe ya zauna jikin akwatin batir, ya riƙe filaya, idonsa a kan babbar waya. In hayaƙi ya tashi zai datse ta. Iyakar dabarar da ta zo masa ke nan.

Hayaƙi bai tashi ba. Goggo ta yi tarinta ta kai su ƙetare. Fasinjoji suka sauka, masu gardamar takalmi suna ci gaba da gardamarsu. Auta ce ta ƙarshe. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan gaɓa ta tambaye shi a hankali ko ita za ta gaya wa Kawu. Ya girgiza kai. Ta ce to ita da yamma a wani jirgin za ta dawo, ta juya ta tafi.

Ya sami Kyaftin yana naɗe igiya. Ya ce masa a kashe famfo da fitilu, a koma ba fasinja, a ɗaure ta. Wayarin duka zai fita.

Kyaftin ya saki igiyar. "Duka kamar yaya? Jiya fa ka ce sanyi ƙalau."

"Na faɗa."

"To yau me ya faru, mafarki ka yi?"

"Ta tsufa da jar waya ɗaya. Lokaci ya yi."

Kyaftin ya yi ta magana. Ya ce wayoyin nan da hannun ubansa aka ja su, ya ce mutane za su ce Goggo ta mutu, ya ce shi fa ba ya son jirgi mai kwalliya kamar kantin gwal. Ya tambayi bandejin, Lalube ya ce filaya ce ta cije shi. Kyaftin ya ce filayar da ta san shi tun ba gemu, yau ita ce da cizo. Amma ya juya jirgin ba kowa a ciki. Tun yana yaro bai taɓa ganin an musa wa wannan mutum a kan waya ba, bai san ta inda ake farawa ba. Wani matuƙi ya karɓi fasinjojinsa na ɗan lokaci, aka ɗaure Goggo a gefen da ba a lodi.

Suka ɗaga katakan bene suka jingine. Lalube ya cire kan batir, ya fara ja. Wayoyin suka yi ta fitowa kamar ba za su ƙare ba, Kyaftin yana karɓa yana tarawa a gaɓa. Matattun sun fi masu rai yawa nesa ba kusa ba. Wasu ya bi su har ƙarshe ya tarar ba su haɗe da komai, bakinsu a buɗe yana kwance cikin ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Ya yanka ɗaya ya nuna wa Kyaftin: roba a waje lafiya lau, tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin, in ka murza sai ta zama gari. Ya ce masa wayar gida ce, mai silli ɗaya, an yi ta ne don ta kwanta cikin bango ba motsi. A nan inji yana girgiza ta kullum, laima tana shiga ta baki tana bin ciki. Kowane haɗi kuwa murɗawa aka yi aka naɗe da salatif, wani nasa ne, wani na Tsoho, yana gane su da yadda aka murɗa.

A ƙarƙashin benci na tsakiya ya tarar da wata waya an ɗaure ta da ƙyallen atamfa, launin ya koɗe. Ya tuna ranar. Salatif ya ƙare masa, yana so ya yi wa wayar hon alama, mai ɗakinsa tana zaune a bencin da cikin Auta, sai ta yage bakin zanenta ta miƙo masa tana cewa ya rubuta a cikin bashin zanen da yake mata alkawari. Ya kwance ƙyallen ya riƙe a tafin hannu. Bai ji laushinsa ba. Ya ɗan tsaya ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Can ya sa shi a aljihu ya ci gaba da ja.

Wurin da ya ƙone a ƙarƙashin bencin ƙarshe yake, daidai inda suka zauna shi da Auta. Haɗin wayar famfo ne. Salatif ya narke ya zama dunƙule, katakon da ke samansa ya yi baƙi, kuma tsakaninsa da bututun mai bai kai faɗin tafin hannu ba. A jikin narkakkiyar robar akwai shatin yatsu biyu, sun lotsa ta kamar an danna ƙullu.

Kyaftin ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya dubi bututun mai. Ya dubi bandejin, sannan ya kawar da kai wajen ruwa.

"Wannan bayan ka duba ne ya yi, ko Yaya?"

Lalube ya sa filaya ya datse dunƙulen ya jefa cikin tarin. Ya ce a miƙo masa sukuddireba.

Sabuwar wayar mai laushi ce, silli-silli da yawa a ciki, an shafe su da farin ƙarfe don laima. Ja mai kai wuta, baƙa mai dawowa. Ya ɗaga hanyarta sama daga inda ruwa ke kwanciya, ya bi da ita ta cikin bututun roba a jikin haƙarƙarin jirgi, yana kafe ta don kada ta yi lilo. Famfo ya samu tasa wayar mai kauri shi kaɗai, ba haɗi ko ɗaya a hanya. Ya kafa akwatin fis mai murfi kusa da sitiyari, kowane abu da nasa, da wani babban fis a bakin batir, da makunni guda da ke kashe jirgin gaba ɗaya. Ya ce wa Kyaftin duk ranar da ya ga tagulla a gurbin fis, ranar zai daina amsa gaisuwarsa. Kyaftin ya ce dama gaisuwar tasa ba wani daɗi gare ta ba.

Aikin ya ja fiye da yadda ya kamata. Ƙananan kusoshi suna zamewa daga yatsunsa suna faɗawa tsakanin katako. Da farko Kyaftin yana tsintowa yana cewa tsufa ya zo wa angon Yaya, a nemo masa tabarau da sanda. Daga baya ya daina tsokanar. Yakan tsinto ya ɗora kusar a kan ramin da kansa, ya riƙe har sukuddireba ta kama, yana ba da labarin wani abu dabam.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne bakin wayoyin. Ba murɗawa yanzu, 'yan kawunan tagulla ne masu huji, a cusa waya a ciki a matse da filaya, a ɗaura a kan noti. Da can hannunsa ne ke gaya masa ta ciza, yakan ji ƙarfen ya ba da kai. Yanzu sai ya matse har damtsensa ya yi rawa, ya naɗa wayar a wuyan hannu ya fizga ya gani ko za ta fita. Ba wadda ta fita. Amma ya san abin da fis ke iyawa da abin da ba ya iyawa. In waya ta taɓa waya, fis zai ƙone ya ceci jirgi. Kan da bai matsu sosai ba kuwa, wuta za ta yi ta wucewa da ƙyar tana ɗumama shi, fis yana zaune lafiyarsa lau, har ranar da wani zai ce yana jin ƙauri. Wannan mita ba ta cika kama shi da wuri ba. Hannu ke kama shi.

Auta takan biyo ta wurin in ta sauka daga ɗaya jirgin. Ta gaida kawunta, ta canza wa ubanta bandeji a kan benci, ta tambaye shi ko ya sha magani. Kyaftin ya ce mata ta daina shiga jirgin kishiyoyin Goggo, ta ce sai ranar da Goggo ta daina shan taba. Ba wanda ya ambaci yatsu.

Ranar da aka gama, da hantsi ne. Matuƙan da ba su da lodi suka taru a gaɓa, da mai sayar da shayi, da wasu fasinjoji da suka ji labari. Auta ba ta da aiki ranar, ta zo ta tsaya daga baya. An mayar da katakan bene sai layin da wayoyin ke bi. Lalube ya ɗaura kan batir, ya murɗa babban makunni. Kyaftin ya tayar da inji, Goggo ta yi tari ɗaya ta kama. Fitilu suka kawo fari tas ko da rana. Famfo ya feso ruwa ta gefe, fitilun ba su ko ƙifta ba. Kyaftin ya danna hon, mai shayi ya zabura har ya zubar da madara, aka yi dariya. Lalube ya gwada da mita a bakin batir, ya gwada a bakin famfo. Abin da ya tashi shi ya isa.

Aka bar komai a kunne ya ɗan jima. Sannan surutu ya fara raguwa da kansa, don kowa ya san abin da ya rage. Wani tsohon matuƙi ya ce to Lalube, a shafa mata albarka mu ji. Kyaftin bai matso ba. Yana tsaye jikin sitiyari yana goge hannu da tsumma, hannun da ba datti a jikinsa.

Lalube ya durƙusa a gaban akwatin batir. Ya kwance bandejin, fatar ta warke ta bar tabo mai sheƙi. Ya ɗora yatsu a kan tagullar farko, ya rufe ido kamar kullum. Yana jin injin a gwiwoyinsa, yana jin rana a ƙeyarsa, yana jin ruwan famfo yana zuba. A yatsun ba komai. Ya matsa kan ta biyu. Ba komai. Kalmomin nan biyu suna bakinsa a shirye, ba abin da zai same shi in ya faɗe su, kuma mai yiwuwa ma gaskiya ne. Gobe da safe za a cika bencinan nan, Auta za ta zauna inda ta saba ta rungume jakarta.

Ya buɗe ido. Ya janye hannun ya ɗora a cinya. Bai ɗaga murya ba, amma an yi shirun da kowa ya ji.

"Kyaftin, ajiye tsumman nan ka zo. Durƙusa nan kusa da ni. Nawa sun daina ji, ara mini naka. Ɗora yatsu biyu a nan, kada ka danna, ka rufe ido. In da ɗumi ko kaɗan ne ka gaya mini, in babu mu matsa gaba."